Gadar da Na Wanke

Da na ga Baba mai lambu ya sunkuya ya ajiye kwanon nononsa a ƙasa a hankali, ya miƙe ya tsaya yana kallon duwatsun, a nan na fara zargin akwai matsala. Ina tsaye a tsakiyar gada, siket ɗina a jiƙe har gwiwa, buroshin ƙarfe a hannuna, ina jira ya yi mini sannu da aiki. Wallahi abin da nake jira ke nan. Har murmushin da zan amsa masa da shi na shirya.

"Ɗiyata," ya ce, "mi kinka yi?"

Na ce wanki na yi, Baba. Na nuna masa da buroshin inda na faro, tun daga bakin gadar ta ɓangaren gida har zuwa inda nake tsaye. Duwatsun sun fito fes, fari-fari da ɗan ruwan ƙasa, rana na dukansu. Daga ƙafata zuwa wancan bakin kuwa suna nan yadda na same su, baƙi da kore da wani ɗorawa-ɗorawa kamar ƙazuwa. Na ce kafin rana ta yi zafi zan ƙarasa. Sai ya ɗaga hannu biyu kamar mai tare mota, ya ce in ajiye buroshin nan, don Allah don Annabi, in sauko.

Watana biyar ke nan a gidan. Gidan gona ne a wajen Dubai, inda dogayen benaye suke ƙarewa a shiga rairayi da dabino. Maigida da Madam da yaransu a cikin gari suke zaune, sai ƙarshen mako suke zuwa. Wadda take zaune a gidan kullum ita ce mahaifiyar maigida, Hajiya tsohuwa. Mu masu aiki a cikin gida mu biyu ne, ni da Anti mai girki, 'yar Zangon Kumasi. Baba kuma mutumin Tawa ne ta Nijar, ya fi shekara goma yana kula da lambun, kuma shi kaɗai ne a cikinmu yake jin Larabci sosai.

A tsakiyar lambun akwai wata 'yar ƙorama da aka haƙa, inji ne yake tura ruwanta. A kanta gadar take. Ba wata babba ba ce, taku goma sha biyu nake yi in haye, bayanta a tanƙware, ƙarƙashinta baki guda kamar ƙofar zaure. An kewaye ta da itatuwa masu duhun ganye, kuma akwai wasu 'yan famfuna da suke fesa mata ruwa kamar raɓa. Ta kanta ake bi zuwa majalisar baƙi. Sau biyu na kusa zamewa a kanta da tiren gahawa, saboda santsi. Tun ranar da na fara ganinta nake cewa a raina, duk kyan gidan nan, ga kuɗi ga ma'aikata, an rasa mai wanke wannan ƙazanta.

Mu a gidanmu a Bichi, in Sallah ta matso ko za a yi baƙi, ba ɗaki ake fara gyarawa ba. Inna gindin randa take fara dubawa, da makwarari, da bakin rijiya. Takan sa ɗan yatsa ta shafa, in ta ji santsi ta kalle ka kawai. Ta sha gaya mana cewa baƙuwa ba gadonki take kallo ba, inda ruwa yake kwanciya take kallo, ta nan take sanin ko akwai 'ya mace a gidan. Da toka da yashi da ɓawon kwakwa muke dirzawa ni da ƙannena har hannu ya yi ja. Da wannan na tashi, da shi na gama sakandare, da shi na hau jirgi.

To ranar Laraba Madam ta bugo waya ta ce Juma'a bayan masallaci za a yi manyan baƙi, in gyara ko'ina. Da Turanci ta faɗa, har sau biyu, ko'ina. Na gama cikin gida a ranar. Alhamis ina idar da sallar asuba na ɗauki bokiti, da jarkar bilic, da buroshin ƙarfen da Anti take wanke abin gashi da shi, na nufi gada. Ban tambayi kowa ba, don so nake a wayi gari a gani a yi mamaki. Har 'yan tsirran da suka fito a tsakanin duwatsu na bi da wuƙa na ƙwaƙule.

Da na sauko Baba ya zauna a kan ciyawa, abin da ban taɓa gani ya yi ba, ya cire hularsa. Sannan ya ba ni labarin da ya kamata in ji tun ranar da na zo. Ya ce gadar ba a nan aka haife ta ba. Marigayi Alhaji, mahaifin maigida, shi ya gan ta a ƙasar Turawa, a cikin lambun wani tsohon gidan masu sarauta da ake sayarwa. Ya sa aka kwance ta dutse-dutse, aka sa wa kowanne lamba, aka zubo a kwantena ta ruwa, magina suka sake ɗora ta a nan. Ya ce ta girmi duk wani bene da na taɓa gani a garin nan, ta girmi kakan kakana. Kuma abin da ya sa take da daraja, abin da maigida yake kawo kowane baƙo ya gani tun kafin a zuba masa gahawa, shi ne wannan baƙin da koren da na kankare.

Na ce, gansakukar?

Ya ce ita. Ya ce a wannan zafin ba ta rayuwa sai da wahala. Itatuwan nan don ita aka shuka su, famfunan nan don ita aka sa. Ya nuna kwanon da ya ajiye. Kowace Alhamis yakan dama nono da ruwa ya bi duwatsun da buroshi mai laushi yana shafawa, don shi ne abincinta. Ni kuwa duk watannin nan da nake ganinsa da kwanon nono ya nufi lambu, na ɗauka kyanwoyi yake ba wa. Ya ƙara da cewa a cikin baƙin gobe akwai wani Bature masanin tsofaffin gine-gine, kuma gadar ce ta kawo shi.

Na tambaye shi kwana nawa za ta yi ta dawo. Ya dube ni, ya dubi jarkar bilic ɗin, ya ce ba maganar kwana ba ce. Ya ce wataƙila shi ba zai gani ba.

Har yau da nake rubuta wannan, in na buɗe jarkar bilic sai na ajiye ta na fita na sha iska. A ranar dai ban san yadda na kai kicin ba. Anti tana yanka albasa, na gaya mata. Ta ajiye wuƙa ta fita ta leƙo, ta dawo tana riƙe da ƙugu.

"Ei, ƙanwata. Duk dattin da ke duniya, sai na masu kuɗi kika ga dama ki wanke? Ga tukwanena nan tun jiya, ba ki gan su ba?"

Ta so in yi dariya ne, amma da ta ga fuskata sai ta jawo ni ta zaunar a kan buhun shinkafa, tana ta cewa kafra, kafra, wato sannu a yarensu. Ta ce maigida ba mugu ba ne, amma ita ma ba ta taɓa ganin an taɓa masa abin mahaifinsa ba, don haka ba za ta yi mini ƙarya ta ce ta san abin da zai yi ba.

Na kira Gwaggo, ƙanwar babana, wadda ta yi mini hanyar zuwa. Tana sarin abaya da atamfa, tana zaune a wani fulat a Deira tare da wasu mata 'yan kasuwa. Ina kuka ina bayani, ashe ta buɗe muryar wayar kowa na ji. Nan fa aka yi mini caa. Wata ta ce kayan tarihi a ƙasar nan ba wasa ba ne, maganar 'yan sanda ce. Wata ta kawo labarin yarinyar da ta fasa wani abu a gidan aikinta, aka kai ta Awir, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida, ta yi watanni kafin a sa ta a jirgi da kayan jikinta. Wata kuma ta ce in tari tasi yanzu-yanzu in taho, za su ɓoye ni a ɗakin kaya. Gwaggo ta daka musu tsawa, ta rufe muryar, ta ce da ni kada in kuskura in taka ƙofar gidan nan. Ta ce wanda ya yi ɓarna daban, wanda ya gudu daban, kuma na biyun ne ba ya da mai ceto. Fasfona ma yana gidan cikin gari. Ta ce in yi ta salati, za ta kira ni da yamma.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Inna. Ranar da zan taho, ta raka ni har bakin titi tana gaya wa duk wanda muka gamu da shi cewa 'yarta ba za ta ba ta kunya ba, don ta iya aiki. Yanzu a ce an dawo da ni a tsare, kuma a kan aikin.

Da azahar, lokacin da kowa ya shige saboda rana, na yi wata wautar. Na kwashi ganyen shayin da Anti ta zubar, na haɗa da laka daga bakin ƙorama da ɗan garin gawayi, na je na durƙusa ina shafa wa fararen duwatsun. Sai suka koma kamar fuskar yaron da ya ci tuwo da miyar kuka. Ban ji zuwan Baba ba.

"Bon, ya isa," ya ce. "Kin wanke da gaskiya, yanzu kuma za ki shafa ƙarya? Kawo tiyo."

Shi da kansa ya wanke lakar. Yana wankewa yana cewa rabin laifin nasa ne, wata biyar yana ganina ina hawa ina sauka bai taɓa buɗe baki ya ce mini ga abin da ake kiwo a nan ba. Ya ce shi zai gaya wa patron, haka yake kiran maigida, kuma yau zai gaya masa, don kada mutum ya zo da baƙinsa ya tarar. A gabana ya buga wayar. Ya yi magana da Larabci, ya saurara, ya ƙara magana. Daga can ɓangaren ban ji an ɗaga murya ba. Da ya kashe na ce me ya ce? Ya ce bai ce komai ba, ya dai tambaya ko duka ne, shi kuma ya ce masa rabi da ɗan ɗori.

Washegari Juma'a na tashi tafin hannuna duk ya saɓule, don ban sa safar hannu ba da na yi aikin. Anti ta shafa mini man kaɗanya ta naɗe da tsumma. Na haɗa kayana a jaka na tura ƙarƙashin gado, don in an zo tafiya da ni kada in tsaya tattare-tattare a gaban mutane. Duk motar da ta wuce a titi sai na leƙa ta tagar kicin in ga ko mai fitila ce a ka.

Bayan masallaci mota ɗaya ce ta shigo. An mayar da baƙin gidan cikin gari. Maigida ya fito da farar rigarsa, bai shiga gida ba, ya miƙe lambu. Ina kallonsa ta taga. Ya hau gadar ya tsaya daidai inda fari ya haɗu da baƙi. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya tsuguna, babban mutum da shi, ya ɗora tafin hannunsa a kan dutsen da na wanke, kamar mai taɓa goshin mara lafiya. Da ya miƙe na ga ya kama gefen ƙyallen kansa ya goge fuska. Da ma zagi ya yi, da ya fi mini sauƙi. Tun jiya tsoron kaina kawai nake ji, sai a lokacin na tuna cewa mutumin nan uba ya rasa, kuma abin da uban ya bari ne na sa wa bilic. Ni ma nawa uban ya rasu, kuma butar alwalarsa har yau Inna ba ta bari a taɓa.

Madam, da suka zo tare, ita ce ta shigo kicin. Ba ta zauna ba. Ta ce ita ta ce in gyara gida, ba ta ce in taɓa lambu ba. Ta ce ranar Litinin za a kira ofishin da suka yi mini takardu, sauran kuma yana hannun maigida, bai yanke ba tukuna ko zai kai maganar gaba. Na durƙusa ina ba da haƙuri da duk Turancin da na sani. Ta ce ba ita zan ba wa ba, ta fita.

Bayan la'asar Baba ya leƙo ya ce Hajiya tsohuwa tana kirana.

Wata biyar ina kai mata gahawa da dabino safe da yamma, amma maganar da ta taɓa haɗa mu ba ta wuce yalla in na yi nawa, da shwaiya in na cika mata kofi. Ƙaramar mace ce, kullum da abin rufe fuskar nan na tsofaffin matansu mai ƙyalli kamar tagulla, idanunta kawai ake gani da haɓarta. Na same ta a baranda inda take zama, wurin da yake kallon lambu. Maigida yana zaune a kan darduma kusa da ƙafarta. Baba ya tsaya daga gefe don ya yi tafinta. Na durƙusa nesa.

Ta yafito ni. Ta kama hannuna ta warware tsumman, ta juya tafin sama, ta daɗe tana kallo. Ta tambaya da me na wanke, na faɗa. Ta tambaya wa ya sa ni, na ce ba kowa. Sai ta ce to me ya sa.

Na so in ce kuskure ne kawai in yi shiru. Amma tana riƙe da hannuna, sai na ji ina ba ta labarin Inna, da gindin randa, da ɗan yatsan da take shafawa, da abin da take cewa a kan baƙuwa da inda ruwa yake kwanciya. Na ce na ga za a yi baƙi, kuma ta kan gadar za su bi, na ji kunyar a ce ina gidan. Baba yana juyawa har na gama.

Can sai na ga kafaɗunta suna motsi. Na ɗauka kuka take, ashe dariya ce marar sauti. Ta saki hannuna ta juya wajen ɗanta ta fara magana, doguwa, tana nuna gadar da sandarta. Baba ya fara juya mini, ya yi jimla biyu, sai ya tsaya baki buɗe ya manta da ni. Maigida ya ɗago kai. Ya yi mata tambaya, ta amsa a gajarce. Ya sake tambaya, ta ɗaga yatsu uku.

Na ja gefen rigar Baba. Ya sunkuyo ya gaya mini ƙasa-ƙasa. Ta ce shekarar da aka kawo gadar, magina suna gamawa Alhaji ya yi tafiya, shi kuma maigida yana makaranta a waje. Ta fito ta ga an jibge mata baƙaƙen duwatsu masu gansakuka a tsakiyar gida, ga Sallah ta matso. Ita kuwa a tsohon gidansu na Bur Dubai ta tashi, a bakin ruwa, wurin uwar da take bin gindin tulu da ɗan yatsa. Sai ta tara masu aiki, ta ɗaura ɗamara ita ma, suka bi gadar da yashi da lemon tsami da soson dabino. Ba rabi ba, duka, har ƙarƙashi. Da Alhaji ya dawo kwana uku bai ci abincinta ba. Daga baya wani mai lambu Ba'indiye ya kawo dabarar nono. Ita da Alhaji suka yi shawara ba za su gaya wa ɗansu ba, don ya riga ya gama ba abokansa labari.

"Voilà," in ji Baba, yana goge ido. "Shekara goma ina kiwon gansakukar Turawa, ashe 'yar gida ce."

Maigida bai yi dariya ba da farko. Ya kalli gadar, ya kalli mahaifiyarsa, ya faɗi wata magana a hankali wadda Baba bai juya ba, ni ma ban tambaya ba. Ta miƙa hannu ta dafa kansa, yadda ake yi wa ƙaramin yaro, har ƙyallen ya karkace. Ta ce masa, in ji Baba, ita ta ga gadar nan fara tas da idonta, kuma ta ga ta sake yin baƙi, ubansa ma ya gani kafin ya rasu. Ta ce in za a kira 'yan sanda a fara da ita, don ita ta fi ɓarna. Sai ya rufe fuska da hannu, wata 'yar dariya ta kuɓuce masa ta hanci.

Daga nan suka shiga gardama. Ita ta ce tunda an fara a bar yarinya ta ƙarasa, ko ta samu ta haye da sandarta ba tare da tsoron santsi ba, rabonta da majalisa an daɗe. Shi ya ce a'a, wallahi a'a, ragowar ba mai taɓawa. Suna ta yi kamar ba na wurin, ni kuwa ina durƙushe, ban san ko an gama da ni ba ko ba a fara ba. Ina ta kallon agogon da ke jikin bangon baranda don in samu abin kallo.

Maigida ne ya tuna da ni. Ya dube ni, karo na farko tun da ya shigo gidan, ya dubi hannuna, ya yi wa Baba magana. Hajiya ta ƙara nata a kai, ta buga sandarta a ƙasa sau ɗaya.

"Khalas, binti," ta ce da ni, wato shi ke nan, 'yata, ba ta bi ta kan tafinta ba.

Na juya wajen Baba.

"Patron ya ce ba ofis, ba 'yan sanda, ba inda za ki. A kai ki a duba hannun nan. In ya warke, kowace Alhamis ke za ki riƙa ɗauko mini kwanon nono, in koya miki. Hajiya kuma ta ce ki gai da innarki."

Na ce ya sake faɗa. Ya sake faɗa, a hankali, kalma-kalma. Agogon yana biyar saura kwata. Na yunƙura in tashi in yi godiya, sai kawai na zauna daɓas a kan tayil a gaban su duka, Hajiya tana miƙo mini dabino.